Daren da Tsatsa Ya Tuɓe Fuska

Litinin ce, a Puebla,
ruwa ya ɗauke, kwalta na tururi.
Kakata Eleuteria ta jinginar da dutsen gugarta
ta yankar mana tikiti biyu, can sama dab da kwano,
inda hayaƙin taba ke taruwa ya kwana.
Shekarata tara, wandon yayana a ƙuguna.

Can ƙasa, fage mai igiya uku.
Damisan Tsauni ya fito da fuskar zinariya,
muka miƙe, benci ya yi kuka.
Sai ga Tsatsa:
fuskar aro ja da baƙi, tulun ciki, tafiyar agwagwa.
Ya yi wa 'yan layin gaba gwalo,
ya fizge lemon wani yaro ya shanye.
Na tsane shi har cikin haƙorana.

Sharaɗin daren ba sassauci:
wanda ya sha ƙasa zai tuɓe fuska,
ya faɗi sunan da aka raɗa masa.

Kakata, wadda ko kaza ba ta yi wa tsawa,
ta tashi ta kama ƙugu:
"Tsohon buhu! Ɓarawon tsakar rana!
Buhun gawayi ya fi ka iya faɗuwa!"
Tsatsa ya ɗago, ya nuna ta da yatsa,
ta cire takalmi ta nuna masa.

Karon farko ya ci da zamba, yatsa a ido.
Na biyu Damisa ya rama.
A na uku Damisa ya hau igiyar sama, ya tsaya cak,
gidan duka ya haɗiye numfashi,
sai ya taso kamar an jefo shi daga rufi.
Ƙarar katakon nan,
har yau in an buga ƙofar mota sai na waiga.
Alƙali ya mari ƙasa: ɗaya, biyu.
Ukun ban ji ta ba, ihu ya cinye ta.

Tsatsa ya durƙusa.
Ya daɗe yana laluben igiyar ƙeya, yatsu na rawa.
Fuskar ta zame.
Sanƙo, furfura gefe da gefe, gira a fashe.
Don Fulgencio!
Mai facin taya na bakin layinmu,
mai hura mini ƙwallo kyauta,
ya ce in na je in gaida gida.

Tsabar kuɗi ta fara sauka fagen kamar ƙanƙara.
Kakata ta kwance bakin gyalenta,
ta wurga kuɗin motarmu duka.
Da ƙafa muka koma.

Wajen kasuwar furanni na ce, "Dama kin san shi ne?"
Ta ce, "Wa kake zato ke ɗinka masa fuskar?
Shekara goma sha tara ina zura allura."
"To, don me kika zage shi?"
"Yaro man kaza. Zagin ai shi ne abincinsa.
Ran da ya fito aka yi shiru,
ran nan za a sallame shi."
Muka wuce fitila biyu ba magana.
Sai ta ce, ba da ni ba:
"Ɗinkina ya tafi hannun yaron can,
ko ya san da ruwan sanyi ake wanke ta?"

Da safe na ɗauki ƙwallona, na sace iskarta da gangan.
Na iske shi yana ɗingishi tsakanin tayoyi,
filasta a gira, rediyo na waƙa.
Ya hura, ya matsa, ya miƙo mini.
Na rasa ta cewa.
Na tattara ƙarfina na ce, "Tsohon buhu."
Ya yi dariya har ya dafe haƙarƙari.

Yanzu furfurata ta kai tasa.
Wurin facin ya zama kantin waya,
kaka ta daɗe a ƙasa.
Dutsen gugar kuwa ba mu taɓa fansowa ba;
duk shekarar nan da riga a yamutse na je makaranta,
ban kuma gaya wa malam dalili ba.